Jirgi na raguwa, iska ba ta raguwa: fashin baƙi kan tseren jiragen ruwa na rimot

A teburin wani mai shayi da ke Obalende musun ya fara, bayan sallar isha'i. Wani yaro mai gyaran waya ne ya miƙo mana wayarsa yana nuna bidiyo: waɗansu dattawan Turawa sun jeru a bakin tafki, kowa da rimot rataye a wuya, ga jiragen ruwa wajen ashirin suna tsere a gabansu. Jiragen ba su kai mutum ya shiga ba, amma da aka ciro ɗaya daga ruwa sai da mai shi ya rungume shi da hannu biyu, jigonsa kuwa, wato sandar da ke riƙe da ƙyallen kama iska, ya kere masa tsayi.

Mai shayin ya leƙo, ludayi a hannu, ya ce, "Kai yaro, inji ne a ciki. Farfela suka ɓoye a ƙasa."

Yaron ya ce, "Wallahi Baba babu inji, iska ce kawai."

Baba ya ce, "To in iska ce, me ya kai wancan yana tafiya yana dosar inda iskar ke fitowa?"

Yaro ya yi shiru. Wani kafinta mutumin Zariya da ke gefena bai tanka ba sai da ya shanye shayinsa, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, ba ni mako biyu, zan ƙera irinsa." Ya kuwa cika alkawari. Ya samo hoton wani babban jirgi ya kwaikwaya daidai wa daida, tsawon mita ɗaya da rabi, ya sha fenti, tela ya ɗinka masa filafilai, wato ƙyallayen nan da ke kama iska. Ranar da muka kai shi bakin ruwa ya yi iyo gwanin sha'awa na ɗan lokaci. Iska na kaɗawa ya kishingiɗa a gefensa kamar akuyar da ta ƙoshi, bai sake tashi ba.

Hannun kafintan ba shi da laifi. Lissafi ne ya kayar da shi. Ya rage jirgi, amma ruwa da iskar da ya jefa shi ciki ba wanda ya rage su, kuma duk wani abu da ya shafi wannan wasa, daga ƙira har tsere, daga nan ya samo asali.

Lissafin da ya kwantar da jirgin kafinta

Bari in kawo misali da jiragen da Baba mai shayi ke da alaƙa da su bai sani ba. Sunan da ke jikin kwalin ganyen shayin da yake tsomawa kullum sunan mutum ne, Sir Thomas Lipton, ɗan kasuwa haifaffen Glasgow. Sau biyar ya nemi Kofin Amurka, gasar tseren manyan jiragen iska da ta samo asali tun 1851. Ya fara a 1899, ya yi na ƙarshe a 1930, duk jiragensa Shamrock ya raɗa musu, kuma ko sau ɗaya bai ci ba. Na ƙarshen, Shamrock na biyar, yana cikin ajin da ake kira J. Guda goma kacal aka ƙera na wannan aji tsakanin 1930 da 1937, kuma zakaransu shi ne Ranger na Amurkawa, wanda ya ci kofin a 1937. Tsawonsa ya kai mita 41, nauyinsa kimanin tan 166, filafilansa kuma wajen murabba'in mita 700. In ana son a gane girman wannan ƙyalle, a shimfiɗa shi a ƙasa: fuloti ɗaya da rabi ke nan na ƙafa 50 da 100.

A Amurka akwai masu ƙera kwafin waɗannan jirage su yi tsere da su ta rimot, kuma ma'auninsu shi ne kashi ɗaya cikin 16. Ranger ɗin da aka rage haka zai ɗan haura mita biyu da rabi. To a nan gizo ke saƙa. Tsawo ya ragu sau 16. Filafili yana da tsawo da faɗi, saboda haka ya ragu sau 16 sau 16, wato 256, ya koma wajen murabba'in mita 2.7. Jikin jirgi kuwa yana da tsawo da faɗi da zurfi, nauyinsa ya ragu sau 4,096, ya koma kilo 40 da ɗoriya, bai cika buhun siminti ba. Nauyi ya ragu fiye da yadda ƙyalle ya ragu. In aka raba, kowane kilo na ƙaramin jirgin yana ɗauke da ƙyalle ninki 16 na abin da kilo ɗaya na babban ke ɗauka. Mutum ne marar ƙiba aka ɗora wa faffaɗan kaya, kuma an san yadda iska ke wahalar da mai kayan kara.

Akwai wata hanyar duban abin. Ƙarfin da iska ke bugun ƙyalle da shi ba ya hawa a hankali: in gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa huɗu yake yi, in ya ninka huɗu ƙarfin ya ninka 16. Ke nan iskar da ke gudun kilomita 10 a awa, wadda mai zama a inuwa zai kira iska mai daɗi, a wurin ƙaramin jirgi daidai take da mai gudun kilomita 40 a wurin babba. Mai gudun 20 kuwa ta zama 80, wato guguwa. Wannan dangantaka tsakanin ƙaramin jirgi da babba wani injiniyan Ingila ne mai suna William Froude ya warware ta, lokacin da yake jan ƙananan samfura a cikin doguwar kwatarniyar gwaji a shekarun 1870, kuma har yau da lissafinsa masu ƙera jirage ke aiki.

Shi ne kuma ya nuna dalilin da ya sa dogon jirgi ya fi gajere gudu. Jirgi mai nauyi yana tafiya ne yana tayar da igiyar ruwa, kuma da wuya ya tsere wa igiyar da ya tayar da kansa. Ga mai tsawon mita ɗaya, iyakar tana wajen kilomita 4.5 a awa, tafiyar mutum mai sauri kaɗan. Mai mita biyu bai ninka wannan ba, yana wajen 6.4 ne. Sai an ninka tsawo huɗu gudu ke ninka biyu. A riƙe waɗannan lambobi, za su yi amfani in mun zo kan ruwan Legas.

Takobi da dalma

Maganin kifewa shi ne a kai nauyi can ƙasa. Jiragen tsere na zamani suna da wani siririn allo da ke sauka daga cikinsu zuwa cikin ruwa. Ni takobi nake ce masa, don da shi ya yi kama. A ƙarshensa akwai dunƙulen dalma mai siffar kifi. Iska ta tura jigo gefe, dalma ta jawo shi ya miƙe, kamar yadda mai ɗaukar ruwa da sanda ke daidaita garwa biyu. A ajin mita ɗaya na duniya, jirgi gaba ɗaya ba ya gaza kilo 4, kuma takobi da dalmarsa kaɗai suna tsakanin kilo 2.2 da 2.5. Fiye da rabin nauyin jirgin yana can ƙarƙashin ruwa inda mai kallon bidiyo ba ya gani. Abin da kafintanmu bai gani ba ke nan.

Dalma ake zaɓa saboda ta fi ƙarfe cunkushewa. Abin da zai cika gwangwanin lita ɗaya, in dalma ce kilo 11.3 ne, in ƙarfe ne bai cika 8 ba. Ƙaramin dunƙule mai nauyi ya fi babba saurin ratsa ruwa.

Dole in tsaya a nan in yi magana da babbar murya, domin a Legas samun dalma ba wuya, 'yan'uwanmu 'yan gwangwan suna da ita, kuma tana narkewa a digiri 327, zafin da gawayi ma ke kaiwa. Sauƙin nan ne haɗarin. Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan gubar dalma: a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Kada a narka ta a tsakar gida, kada a yi amfani da tukunyar girki, kada a fasa batirin mota don nemanta, kuma ɗigon ruwa ɗaya a cikin mazubi ya isa ya sa narkakkiyar dalma ta yi tsalle ta watsu a fuskar mutum. Wanda zai iya, ya sami ƙananan ƙwayoyin dalma ya kwaɓa su da gam mai ƙarfi ya cika mazubin, ba sai ya hura wuta ba. Dunƙulen zai ɗan fi girma, amma huhunsa da na 'ya'yansa sun fi tsere daraja.

Takobin nan shi ne kuma amsar tambayar Baba. Filafili ba buhu ba ne da iska ke cikawa ta tura kawai. In aka ja shi ya yi ɗan doro, iskar da ke wucewa ta gefensa tana jan sa kamar yadda take ɗaga fiffiken jirgin sama, sai dai jan ya fi karkata zuwa gefe. Takobi a cikin ruwa ya ƙi yarda a tafi gefe. Iska na matsawa ta nan, ruwa na matsawa ta can, sai jirgi ya sulɓe gaba, kamar ƙwallon mangwaro mai santsi da aka matse tsakanin yatsu biyu. Ba ya iya dosar iska kai tsaye, amma yana iya matsowa har wajen digiri 45 daga inda take fitowa. Sai ya riƙa tafiya yana karya kwana, dama, hagu, dama, yadda mai jaki ke hawa tudu, yana cin tafiyar da ta kai ninki ɗaya da rabi saura kaɗan na miƙaƙƙiyar hanya.

Duk wanda ya bi gadar Third Mainland da safe ya ga masunta a kwalekwale da filafilan da aka harhaɗa da buhuna. Su ba su da takobi, shi ya sa iskar baya ko ta gefe suka fi so. In ta juyo musu ta gaba, sai a naɗe ƙyalle a koma ga sanda da matuƙi.

Kowa da ajinsa

Tun da dogo ya fi gajere gudu, mai yawan ƙyalle kuma ya fi mai kaɗan, da an bar abin sakaka da mai kuɗi ne zai riƙa ci kullum. Shi ya sa aka yi azuzuwa, kamar yadda ba a haɗa ɗan damben da ya yi suna da sabon shiga. Ƙungiyar duniya ta masu wannan wasa tana da azuzuwa huɗu da suka daɗe.

Mafi tsufa shi ne wanda dokarsa ta fito daga lissafin manyan jirage na 1887: a ninka tsawon jirgi a kan ruwa da faɗin ƙyallensa, a ninka da 8, kada amsa ta wuce 10. Mai tsawon mita 1.25 yana da izinin murabba'in mita ɗaya na ƙyalle. In ya ƙara tsawo zuwa 1.4, ƙyallensa ya sauko ƙasa da 0.9. Ciniki ne, ka karɓa nan ka bayar can, kuma wannan ne ajin da ya fi burge ni, domin yana barin maƙeri ya yi tunani. Ajin A, na farkon shekarun 1920, shi ne mafi girma da nauyi a cikin huɗun. Marblehead ya ɗauki sunan wani gari ne a jihar Massachusetts ta Amurka inda aka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1930, tsawo inci 50, ƙyalle murabba'in inci 800, kuma ana cewa an zaɓi tsawon ne don ya shiga kujerar bayan mota. Auta shi ne na mita ɗaya, na 1988, wanda ya fi sauran yaɗuwa saboda an tsara shi da niyyar rage tsada: an hana yin jikinsa da zaren kabon mai tsada, jigonsa alminiyom ne ko katako, an kuma ƙayyade masa kayan ƙyalle uku, babba na iska mai sanyi, matsakaici, da ƙarami na ranar da iska ta fusata. Ban da waɗannan akwai irin su DragonForce 65, ɗan santimita 65 da ake sayowa a kwali daga kamfani, kowa nasa iri ɗaya, babu mai cewa kayan wani ne suka ci.

Wasan ya girmi rediyo nesa ba kusa ba. A tafkin Kensington da ke Landan akwai ƙungiyar masu ƙananan jirage tun 1876. A da, saita jirgi ake yi a sake shi ya tsallaka tafki da kansa, wani ɗan fiffike a bayansa yana bin iska yana juya masa akala, mai shi kuma yana bin gaɓa da doguwar sanda don ya tare shi.

Yadda ake ƙerawa

Tsohuwar hanya, wadda kuma ta fi dacewa da mai hannu irin na kafintanmu, ita ce a yanka haƙarƙari bisa zane, a jera su a kife a kan miƙaƙƙen katako, sannan a riƙa manna siraran filankai masu kaurin milimita 3 ɗaya bayan ɗaya har jiki ya rufe. Daga nan sai guga da sanfefa, a lulluɓe da siririn yadin faiba, a shafe da gam mai haɗi biyu. Masu gyaran bambar mota sun san wannan aikin na faiba sarai. Abin da ya kamata a sani shi ne katakon obeche, wanda Yarabawa ke kira arere, yana cikin itatuwan da masu ƙera samfura a Turai ke saye da tsada saboda rashin nauyinsa da sauƙin sassaƙa. Daga dazuzzukanmu na Afirka ta Yamma yake zuwa musu. Mu kuwa ga shi nan a kasuwar katako ta Mushin.

Wahalar tana ga daidaito. In takobi ya kauce da milimita biyu, jirgi zai fi iya tafiya ta hannu ɗaya a kan ɗayan, kuma ba za a gane ba sai a tsakiyar tsere. In jigo ya yi baya da yawa, hancin jirgi zai riƙa neman shiga iska, mai rimot ya yi ta kokawa da shi, kowace kokawa kuma birki ce. In ya yi gaba da yawa sai ya riƙa gudun iska. Gwanaye kan matsar da jigo kaɗan-kaɗan har sai jirgi ya miƙe shi kaɗai ba a taɓa rimot ba.

Filafilan tsere ma ba ɗinkin tela ba ne, duk da girmamawata ga telolinmu masu yawo da keke a ka suna kaɗa almakashi. Da siririyar roba mai ƙarfi ake yinsu, irin ta masu zanen gine-gine, a yanka ƙyalle-ƙyalle a haɗa da salatif mai manne fuska biyu. Kowace mahaɗa tana da ɗan lanƙwasa, kuma lanƙwasar ce ke ba filafili doron da ke jan iska. Shimfiɗaɗɗen ƙyalle zai tafi da iskar baya, amma ba zai hau iska da kyau ba.

Kayan lantarkin ne suka fi komai sauƙi, abin da ya ba yaron nan mai gyaran waya mamaki. Ƙananan injuna biyu ne kawai: ɗaya na juya allon akala a bayan jirgi, ɗaya na nannaɗe zare ko ya sake shi don jan filafilai. Babban yatsan hagu na ƙyalle, na dama na akala. A da ana aiki da zangon megahaz 27, kuma in mutum biyu suka yi karo a zango ɗaya sai wannan ya riƙa tuƙa jirgin wancan. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka koma gigahaz 2.4, kowane rimot da jirginsa. Sai dai wannan zango ba ya ratsa ruwa, zaren kabon ma yana tare shi, don haka eriya sai a sama da layin ruwa.

Yanayin Legas yana da nasa sharaɗi. Zafi na sa gam ya daskare kafin a gama shafawa, saboda haka a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan. Raɓar iska na barin wani maiƙo a kansa wanda in ba a wanke ba fenti ba zai kama ba. Sannan jirgin da aka bari a rana, iskar cikinsa kumbura take yi, da an tsoma shi a ruwa ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta duk wata kafa da ido ba ya gani. A ajiye shi a inuwa, a bar masa 'yar ƙofar numfashi a sama.

A fagen tsere

Da dokokin manyan jirage ake yi, irin na gasar Olamfik, da ɗan rataye na musamman ga masu rimot. Ana jefa ƙwallayen alama a ruwa, ɗaya ta inda iska ke fitowa, ɗaya ta inda take tafiya. Babu tsayawa a layi a jira usur, domin jirgin iska ba shi da birki. Ana ƙirga lokaci da lasifika, jirage na ta shawagi a bayan layi, a minti na ƙarshe ana faɗa kowane daƙiƙa goma, goman ƙarshe kuma ɗaya-ɗaya. Gwani shi ne wanda hancin jirginsa zai taɓa layi da cikakken gudu daidai lokacin da aka buga. Wanda ya riga malam masallaci, sai ya juyo ya sake tsallakawa, sauran sun yi nisa.

Dokar hanya a taƙaice take, aiki da ita ne wuya. Wanda iska ke bugunsa daga hagu shi ke kauce wa wanda take bugunsa daga dama. In duk ta gefe ɗaya take bugunsu, na saman iska, wato wanda ya fi kusa da inda take fitowa, ya kauce wa na ƙasa, na baya ya kauce wa na gaba. A wajen kewaya alama, in an shigo tazarar tsawon jirgi huɗu kafaɗa da kafaɗa, na waje ya ba na ciki wuri. Wanda ya yi laifi ya fita gefe ya yi juyi ɗaya cikakke, ya ci gaba. In ya ƙi, wanda aka yi wa laifin ya ɗaga murya ya kira lambar jirginsa da ta mai laifin, kuma lamba ɗaya-ɗaya ake faɗa, ɗaya biyar maimakon goma sha biyar, don kada kunne ya ruɗe. Na ɗaya maki ɗaya yake samu, na biyu biyu, mai ƙarancin maki a ƙarshe shi ya ci, bayan an yafe wa kowa mafi munin sakamakonsa. In jirage sun yi yawa akan kasa su rukuni-rukuni, na gaban ƙaramin rukuni su hau babba nan take, na bayan babba su sauko, kamar hawa da faɗuwar ƙungiyoyin ƙwallo amma a yini guda.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo ido ne. Matuƙin babban jirgi yana jin iska a fatarsa, yana jin karkatar jirgi a ƙafarsa. Mai rimot yana tsaye a gaɓa, iskar da ke kaɗa masa riga ba lallai ita ce ke kan jirginsa can nesa ba. Sai ya karanta duhun da iska ke yi a fuskar ruwa, ya lura da karkatar jiragen wasu. Daga nesa ido na yaudara: kana ganin ka wuce alama, ashe da sauranka. In kuma jirgi ya juyo yana dosarka, damarka ta zama hagunsa. Kowane sabon shiga sai ya sha wannan kunyar.

Ruwan Legas

Tseren jiragen iska ba baƙo ba ne a garin nan, kulob ɗin masu jiragen iska na Legas tun 1932 yake. Mu ma muna da namu tseren na ruwa, Rigata ta Yawuri, sai dai ita ƙarfin damtse ce. Iska ma Legas ba ta rasa ba. Mafi yawan shekara daga kudu maso yamma take zuwa, ta teku, tana ƙara ƙarfi bayan azahar. Da hunturu takan yi rauni ta riƙa sauya alƙibla, da damina kuma hadarin gabas na tasowa da iskar da za ta kwantar da kowane jirgi, in an ga ya haɗo a ciro kaya kawai.

Matsalar ruwan ne. Lagun, wato babban tafkin nan na Legas, na haɗe da teku, yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma a matsattsun wurare kamar rafin da ke tsakanin Ikoyi da Victoria Island ruwan gudu yake yi. A tuna lissafin baya. Jirgin mita ɗaya mai gudun kilomita 4.5, in yana karya kwana yana hawan iska, ainihin ci gabansa bai fi 3 da 'yan kai ba. In ruwa na janyewa da gudun kilomita 3 ta kishiyar hanya, zai yini yana tafiya bai bar inda yake ba. Ga jiragen fasinja masu inji da ke shiga da fita tashar Falomo. Igiyar santimita 30 da ɗayansu zai bari a baya, ga jirgin da aka rage sau 16, daidai take da mai tsayin kusan mita biyar. Ga gishiri, musamman da rani, wanda ke cin waya da ƙarfe in ba a ɗauraye komai da ruwan daɗi ba bayan kowace fita. Ga ciyawar nan mai kama da kainuwa da ke rufe ruwa in damina ta yi nisa. Uwa uba leda. Ledar fiya wata guda ɗaya in ta naɗe takobi, jirgin da ke gaba ya koma na ƙarshe, kuma mai shi ba zai ga dalili ba.

Saboda waɗannan ne nake ganin shawarar da aka saba ba sabon shiga, cewa ya fara da ƙarami, ba ta zauna daidai a Legas ba. Ƙarami mai dogon takobi na tafki ne mai tsabta marar gudu, irin wanda akan samu a cikin wasu rukunin gidaje, in masu wurin sun yarda. A buɗaɗɗen lagun kuwa babba mai tsohuwar siffa ya fi. Jiragen ajin J ba su da siririn takobi, cikinsu ne ke gangarowa a hankali ya zama doguwar ƙafa, leda da ciyawa su zame su wuce. Zurfin Ranger na ainihi mita 4.6 ne, in an rage bai wuce santimita 30 ba, ko da an ɗan ƙara masa kamar yadda maƙera ke yi. Ɗan mita ɗaya kuwa har santimita 42 yake nitsewa. Wato ƙaton ya fi ƙaramin iya shiga ruwa marar zurfi. Nauyinsa na fasa igiya maimakon ta tsayar da shi, tsawonsa na ba shi gudun da zai yi jayayya da janyewar ruwa, kuma ana hango shi daga nesa.

Kuɗin wannan fifiko a ƙasa ake biyansa. Abu mai tsawon mita biyu da rabi da nauyin kilo 40 ba ya shiga Keke Napep, kwandastan danfo kuma kuɗin kujera huɗu zai caje ka, ya ƙara da surutu. Sai an yi dalmar ta zama mai ciruwa, an yi masa amalanke, an sami mutum biyu masu sauke shi. Dole kuma a yi ciniki da mai kwalekwale ya zauna kusa, domin batiri na ƙarewa, zare na tsinkewa, kuma ba jirgin da ya kai a bi shi da iyo a cikin lagun. Kusa da tashar jiragen ruwa ko sansanin soja kuwa, mutum da rimot a hannu yana fuskantar ruwa zai sha tambayoyi. A nemi izini tukuna.

Kafintanmu ya koma kan aiki. Na biyun yana kife a bayan rumfarsa, haƙarƙari goma sha huɗu, an rufe rabi da obeche, doguwar ƙafa irin ta da, ya kuma bar ramin da dalma za ta zauna. Yaron mai gyaran waya ya ɗauki nauyin lantarki, ya riga ya ƙona inji ɗaya wajen gwaji. Daren jiya kafintan ya ce in an gama, Lipton zai raɗa masa, don girmama teburin da aka fara maganar. Baba ya ajiye ludayi ya ce, "Mutumin da Malam ya ce ya je sau biyar bai ci ba? A'a, ɗana, nemo wani sunan. Kuma ranar da za ku saka shi a ruwa ku kira ni, ni da kaina zan leƙa ƙasansa."